BABI NA HUƊU: SIGOGI DA RABE-RABEN BABBAR LAMBA, NAZARI A KAN ADADIN JAMA'AR ANKA DA GUMMI DA BUKKUYUM

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a ɗauki babbar lamba guda ɗaya a yi mata filla-filla domin a fito da sigoginta, a kuma gano ajin da masana lissafi suke sanya ta. Lambar da aka zaɓa ita ce 558,452, wato jimlar mutanen ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum kamar yadda ƙidayar shekarar 2006 ta nuna. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, halin lamba yana rataye ne a kan ƙananan lambobin da aka gina ta da su, kuma girmanta ba ya nuna ko za ta yi sauƙin rabo ko za ta yi taurin kai. Wannan batu yana da muhimmanci ga duk wanda aka ɗora wa nauyin raba dukiya tsakanin jama'a, ko alƙali ne mai rabon gado, ko ma'aikacin hukuma mai rabon takin zamani. Za a kwatanta lambar da wasu lambobi da Hausawa suka daɗe suna aiki da su, kamar keson wuri da fam da asalin rabon gado.

4.1 Asalin Lambar

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma tana da ƙananan hukumomi 14. Anka da Gummi da Bukkuyum suna cikin shida da suka haɗu suka zama mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Zamfara ta Yamma, sauran ukun kuwa su ne Bakura da Maradun da Talata Mafara. A watan Maris na 2006 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ƙirga jama'ar Nijeriya. A sakamakon farko da ta bayar, Jihar Zamfara ta sami mutum 3,259,846, kuma rabon ƙananan hukumomin nan uku shi ne:

Anka: 142,280
Gummi: 204,539
Bukkuyum: 211,633
Jimla: 558,452

Daga baya, a sakamakon ƙarshe da aka buga a 2009, adadin jihar ya koma 3,278,873. Alƙaluman sakamakon farko su ne aka yi aiki da su a nan. Ya kamata a lura cewa waɗannan alƙaluma na shekarar 2006 ne, don haka an ɗauke su ne a matsayin lambobin nazari kawai.

4.2 Faɗar Lambar a Harshen Hausa

Kafin a shiga lissafi, yana da kyau a dubi yadda Bahaushe yake furta wannan lamba. Kalmomin ɗaya zuwa goma da ɗari da dubu su ne ginshiƙin ƙirgar Hausa. A karin harshen yamma, wanda ya haɗa da ƙasar Zamfara, akan ji "biyat" da "shidda" a inda daidaitacciyar Hausa take da "biyar" da "shida". Kalmomin ashirin da talatin da arba'in har zuwa casa'in kuwa aro ne daga Larabci, domin kafin zuwansu "gomiya biyu" da "gomiya uku" ake cewa. Haka nan metan (200) da arbaminya (400) da hamsaminya (500) duk daga Larabci suka shigo, ita kuwa miliyan daga Ingilishi.

Idan aka ce "dubu ɗari biyar da hamsin da takwas", mai sauraro yana iya fahimtar 558,000, yana kuma iya fahimtar 500,058. Tazarar da ke tsakanin ma'anonin nan biyu ta kai 57,942, wadda ba ƙaramar asara ba ce idan kuɗi ake magana. Hanyar kauce wa wannan ruɗani ita ce maimaita kalmar "dubu". Ke nan cikakken sunan 558,452 shi ne: dubu ɗari biyar da dubu hamsin da takwas, da ɗari huɗu da hamsin da biyu.

4.3 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Domin a sami sauƙin bayani, an tsayar da ma'anar wasu kalmomi kamar haka:

(a) Ma'auni: lambar da take raba wata lamba ba tare da saura ba, kamar yadda mudu yake auna hatsin buhu ya ƙare daidai. Ma'aunan 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12.

(b) Cika da mara: waɗannan tsofaffin kalmomin Hausa ne. Cika ita ce lambar da take rabuwa biyu daidai, mara kuwa ita ce wadda take barin saura ɗaya.

(c) Gagara-raba: lambar da ta wuce ɗaya, wadda ba ta da ma'auni sai ɗaya da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13.

(d) Haɗaɗɗiya: lambar da take da wani ma'auni ban da ɗaya da ita kanta, kamar 4, 6, 9 da 15.

(e) Tubala: gagara-raban da ake ninkawa su ba da haɗaɗɗiyar lamba. Tubalan 12 su ne 2 × 2 × 3.

(f) Murabba'i: abin da ake samu idan aka ninka lamba da kanta, kamar 49, wato 7 × 7.

Tun wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Yukilid, wanda Larabawa suke kira Uƙlidis, ya tabbatar da cewa gagara-raba ba su da iyaka. Wata babbar ƙa'ida kuma ta nuna cewa kowace haɗaɗɗiyar lamba tana da jerin tubala guda ɗaya tak, wanda babu wata lambar da take tarayya da ita a cikinsa. A kan wannan ƙa'ida aka gina duk abin da zai biyo baya.

4.4 Gwajin Rabuwa

Akwai hanyoyin da ake gane ko ƙaramar lamba tana auna babba ba tare da an yi doguwar rabawa ba. Ga yadda 558,452 ta kasance a gaban waɗannan gwaje-gwaje:

Biyu: alƙalamin ƙarshe 2 ne, saboda haka lambar cika ce. Rabinta shi ne 279,226.

Huɗu: ana duba alƙaluma biyu na ƙarshe, wato 52. Tun da 52 tana rabuwa huɗu (13 × 4), ita ma babbar lambar tana rabuwa. Rubu'inta shi ne 139,613.

Takwas: ana duba alƙaluma uku na ƙarshe, wato 452. Idan aka raba 452 gida takwas, 4 za ta rage. Ke nan takwas ba ma'auninta ba ne.

Uku da tara: ana tara alƙaluman duka, 5 + 5 + 8 + 4 + 5 + 2 = 29. Tun da 29 ba ta rabuwa uku, lambar ma ba ta rabuwa uku, balle shida ko tara ko goma sha biyu. Dalilin wannan gwaji shi ne, goma da ɗari da dubu kowace tana barin saura ɗaya idan aka raba ta uku ko tara.

Biyar da goma: lambar ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, don haka saura 2 take bari.

Bakwai da goma sha ɗaya da goma sha uku: waɗannan uku ana gwada su a lokaci guda, domin 7 × 11 × 13 = 1,001. Sai a yanka lambar gida biyu a ɗebe, 558 – 452 = 106. Tun da babu ɗaya daga cikin ukun da take auna 106, babu wadda take auna 558,452.

Abin da ya fito a nan shi ne, daga cikin lambobin 2 zuwa 13, biyu kaɗai ne suke auna wannan babbar lamba, wato 2 da 4.

Tarin alƙaluma yana da wani amfani kuma, shi ne tabbatar da ingancin jimla. Alƙaluman Anka sun taru sun ba da 17, wadda take barin 8 idan aka cire tara. Na Gummi sun ba da 23, saura 5. Na Bukkuyum sun ba da 16, saura 7. Idan aka tara 8 + 5 + 7 za a sami 20, saura 2. Jimlar ita ma ta ba da 29, saura 2. Da a ce saurar ta saɓa, to da lalle akwai kuskure a tarawar.

4.5 Warware Lambobin Zuwa Tubalansu

Bayan an cire 2 × 2 daga 558,452, abin da ya rage shi ne 139,613. Domin a gano ko wannan gagara-raba ce, ba sai an gwada dukkan lambobin da ke ƙasa da ita ba. Idan lamba tana da ma'aunai biyu da aka ninka suka ba da ita, dole ɗaya daga cikinsu ya kasance bai wuce tushen murabba'inta ba. Tun da 373 × 373 = 139,129, kuma 374 × 374 = 139,876, iyakar binciken ita ce 373. Gagara-raban da ke tsakanin 2 da 373 guda 74 ne, kuma ana tace su ta hanyar da ake dangantawa da Eratostenis, masanin da ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariya ta Masar. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai an kai ta 35, wato 149, sannan rabuwa take faɗawa daidai: 149 × 937 = 139,613. Ita 937 gagara-raba ce. Saboda haka:

558,452 = 2 × 2 × 149 × 937

Da aka bi wannan hanya a kan ƙananan hukumomin ɗaya bayan ɗaya, ga abin da aka samu:

Anka: 142,280 = 2 × 2 × 2 × 5 × 3,557
Gummi: 204,539 = 23 × 8,893
Bukkuyum: 211,633 = 17 × 59 × 211

Dukkan lambobin huɗu haɗaɗɗu ne, babu gagara-raba a cikinsu, amma ginin kowace daban ne. Ta Anka, wadda ita ce ƙarama, ita ta fi yawan tubala. Ta Gummi tubala biyu kawai gare ta. Ta Bukkuyum tana da uku, kuma babu wanda aka maimaita.

Ana sanin yawan ma'aunan lamba daga tubalanta. Sai a ƙirga sau nawa kowane tubali ya fito, a ƙara ɗaya, sannan a ninka. A 558,452 tubalin 2 ya fito sau biyu, 149 sau ɗaya, 937 sau ɗaya, ke nan 3 × 2 × 2 = 12. Ma'aunan su ne: 1, 2, 4, 149, 298, 596, 937, 1,874, 3,748, 139,613, 279,226 da 558,452. Ta wannan lissafi Anka tana da ma'aunai 16, Bukkuyum 8, Gummi 4.

Lamba irin ta Gummi, mai tubala biyu kacal, tana da matsayi na musamman a wannan zamani. Ninka 23 da 8,893 abu ne mai sauƙi, amma wanda aka ba 204,539 aka ce ya nemo tubalanta sai ya yi ta gwaji. Idan tubalan biyu suka kasance masu ɗaruruwan alƙaluma, ko kwamfuta ba ta iya warware su cikin lokaci mai ma'ana. A kan wannan wahala aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA wanda aka fito da shi a Amurka a 1977, domin kare bayanai a harkokin banki da intanet. Neman manyan gagara-raba ma ya zama fage mai zaman kansa: a watan Oktoba na 2024 an gano wata mai alƙaluma 41,024,320.

4.6 Ajin da Lambobin Suka Faɗa

4.6.1 Kammalalliya da Mai Rara da Mai Giɓi

Wajen shekara ta 100 Miladiyya, Nikomakus ya kasa lambobi gida uku ta la'akari da jimlar ma'aunansu, ban da ita lambar kanta. Sabit bin Ƙurra, masanin Bagadaza na ƙarni na tara, ya fassara littafinsa zuwa Larabci. Idan jimlar ta yi daidai da lambar, ita ce kammalalliya, kamar 6 (1 + 2 + 3) da 28 (1 + 2 + 4 + 7 + 14). Idan jimlar ta zarce lambar, mai rara ce, kamar 12. Idan ta gaza, mai giɓi ce, kamar 8.

Kammalallun lambobi ba su da yawa. Bayan 6 da 28 sai 496, sai 8,128, daga nan kuma sai 33,550,336. Wannan ya isa ya nuna cewa babu kammalalliya a cikin lambobin da ake nazari. Sakamakon lissafin shi ne:

Anka: jimlar ma'aunai 177,940, ta zarce 142,280, mai rara ce.
Gummi: jimlar ma'aunai 8,917, mai giɓi ce.
Bukkuyum: jimlar ma'aunai 17,327, mai giɓi ce.
Jimla: jimlar ma'aunai 426,448, ta gaza 558,452, mai giɓi ce.

Dalilin rarar lambar Anka a fili yake. Lamba 20 mai rara ce, kuma duk lambar da mai rara take aunawa ita ma mai rara ce. Tun da 20 tana auna 142,280, ba sai an tara ma'aunai ba kafin a san ajinta.

4.6.2 Murabba'i

Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Tun da 558,452 ta ƙare da 2, ba murabba'i ba ce. Ta faɗa ne tsakanin 747 × 747 = 558,009 da 748 × 748 = 559,504. Sai dai tana da wata siga da ba kowace lamba take da ita ba, wato ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu. A 1640 Pierre de Fermat ɗan ƙasar Faransa ya bayyana cewa duk gagara-raba da take barin saura ɗaya idan aka raba ta huɗu jimlar murabba'i biyu ce, kuma bayan kimanin shekara ɗari Leonhard Euler ya kawo hujjar hakan. Lambobin 149 da 937 duk suna barin saura ɗaya: 149 = 100 + 49, haka kuma 937 = 576 + 361. Wannan siga tana bin tubala ta shiga lambar da suka gina, shi ya sa:

558,452 = (746 × 746) + (44 × 44)
558,452 = (716 × 716) + (214 × 214)

Ma'ana, da za a jera mutum 558,452 a fili ɗaya mai sahu daidai da tsawo, ba za su cika shi daidai ba, amma za su cika filaye biyu irin wannan, kuma ta hanya biyu.

4.7 Dangantakar Lambobin a Ma'aunin Malaman Gado

Malaman fiƙihu masu karantar da ilimin fara'ili a zaurukan ƙasar Hausa, musamman daga babin gado na Muhtasar Halil, suna kasa dangantakar lambobi biyu gida huɗu. Akwai tamasuli, inda lambobin suke daidai, kamar 6 da 6. Akwai tadahuli, inda ƙaramar take auna babbar, kamar 4 da 8. Akwai tawafuƙi, inda wata lamba ta uku take auna su duka, kamar 6 da 8 da suka haɗu a kan 2. Sai tabayuni, inda babu abin da ya haɗa su sai ɗaya, kamar 3 da 8. Wannan shi ne ainihin abin da masana lissafi suke yi idan suna neman babban ma'aunin da lambobi suka yi tarayya a kansa. Alaƙar gado da lissafi tsohuwa ce, domin babban kaso na littafin aljabara na Alhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, a kan matsalolin wasiyya da gado yake. A ƙasar Hausa ma an yi masana wannan fanni, kamar Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya yi rubutu a kan tsara hatimin lambobi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

Idan aka dubi tubalan Anka da Gummi da Bukkuyum, za a ga babu ko guda da ya fito a wuri biyu. Ke nan kowace biyu daga cikinsu tabayuni ne. Sakamakon wannan a aikace shi ne, ba za a iya taƙaita rabon 142,280 da 204,539 da 211,633 zuwa ƙananan lambobi ba. Duk kayan da ba su kai 558,452 ba, babu yadda za a raba su daidai wa daida bisa yawan jama'ar nan ba tare da gutsure ba.

A ƙaddara an ba ƙananan hukumomin uku buhun taki 1,000 su raba bisa yawan jama'arsu. Lissafi zai ba Anka 254.78, Gummi 366.26, Bukkuyum 378.96. Idan kowace ta ɗauki cikakkun buhunanta, 998 ne za su fita, biyu su rage a ƙasa. Hanya ɗaya ta warware wannan ita ce a ba masu gutsure mafi girma, wato Bukkuyum da Anka, sai rabon ya zama 255 da 366 da 379. Wannan hanya ce Alexander Hamilton ya gabatar a Amurka a 1792 domin rabon kujerun majalisa tsakanin jihohi. Muhimmin abu shi ne a amince da ƙa'idar raba saura tun kafin a fara rabo, domin saurar daga ginin lambobin take fitowa, ko da mai rabon adali ne.

4.8 Lambar da Aka Zaɓa da Lambar da Ta Faɗo

Adadin ƙidaya lamba ce da ta faɗo, babu wanda ya zaɓe ta. Da a ce mutum biyu sun ragu, adadin ya zama 558,450, da tubalansa sun koma 2 × 3 × 3 × 5 × 5 × 17 × 73, ma'aunansa kuma su tashi daga 12 zuwa 72. Wannan ya nuna cewa sigogin da aka gano ba su faɗar komai game da halin mutanen Anka ko Gummi ko Bukkuyum. Na lambar ne kawai. Lambobin da al'umma take zaɓa da kanta domin ciniki kuwa, akan same su da yawan ma'aunai.

4.8.1 Keson Wuri

Kafin zuwan kuɗin Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa har da Zamfara, kuma kalmar "kuɗi" ita kanta jam'in "wuri" ce. Wuri 20 shi ne hauya, 100 zangu, ana amfani da zambar wajen ƙirga dubbai, keso kuwa wuri 20,000 ne. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa ƙasar Hausa, ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa a 1851, ya kuma bayyana cewa biyar-biyar ake ja, a tara su tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. Da wuri ne 558,452, da an ce keso 27, da zambar 18, da zangu 4, da hauya 2, da wuri 12.

Tubalan 20,000 su ne 2 sau biyar da 5 sau huɗu, don haka ma'aunanta 6 × 5 = 30 ne. Duk da cewa 558,452 ta ninka keso fiye da sau 27, keso ya fi ta ma'aunai nesa ba kusa ba. Yana rabuwa gida 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25 har zuwa sama. Rauninsa guda ne: babu 3 a tubalansa. Idan fatake uku suka raba keso, kowa zai sami 6,666, wuri biyu su rage.

4.8.2 Fam da Naira

Fam ɗaya sule 20 ne, sule kuma kwabo 12, wato fam kwabo 240 ke nan. Tubalan 240 su ne 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 5, ma'aunanta 20. Shi ya sa sule yake da rabi (sisi) da rubu'i (taro), kuma yana rabuwa uku, kwabo huɗu-huɗu. Ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta koma naira mai kwabo 100, fam ɗaya ya zama naira biyu. Lamba 100 ma'aunai 9 gare ta, kuma ba ta rabuwa uku. An sami sauƙin rubutu da tarawa, amma an rasa sauƙin fitar da sulusi da sudusi.

4.8.3 Asalin Rabon Gado

Kason da Alƙur'ani ya ƙayyade wa magada a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Ƙaramar lambar da 2, 3, 4, 6 da 8 duk suke aunawa ita ce 24, shi ya sa ta zama mafi girma a cikin asalan mas'ala guda bakwai, wato 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji guda. Matar tana da sumuni (3 cikin 24), uwa sudusi (4), uba sudusi (4), ɗan kuma ya ɗauki saura (13). Idan abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 558,452 ne, matar za ta sami naira 69,806 da kwabo 50. Uwa kuwa za ta sami naira 93,075 da kwabo 33 da sulusin kwabo, wanda babu shi a hannun kowa. Ko an mayar da dukiyar kwabo-kwabo matsalar tana nan, domin 100 ba ta kawo tubalin 3 da ake bukata.

Idan kuwa dukiyar naira 554,400 ce, wato ƙasa da ta farko da 4,052 kacal, kowane kaso zai zama 23,100. Matar ta sami 69,300, uwa 92,400, uba 92,400, ɗa 300,300, babu saura. Tubalan 554,400 su ne 2 sau biyar, 3 sau biyu, 5 sau biyu, da 7 da 11, ma'aunanta kuwa 216. Tana cikin ajin lambobin da suka fi duk na ƙasa da su yawan ma'aunai, ajin da Srinivasa Ramanujan ɗan ƙasar Indiya ya yi nazari a kai a 1915. Lambobin 24 da 240 su ma 'yan wannan aji ne.

4.9 Naɗewa

A wannan babi an nazarci lamba 558,452 da sassanta uku. An gano cewa cika ce, haɗaɗɗiya ce mai tubala 2 × 2 × 149 × 937, tana da ma'aunai 12, mai giɓi ce, ba murabba'i ba ce, amma jimlar murabba'i biyu ce ta hanya biyu. An ga cewa adadin Anka kaɗai ne mai rara, kuma adadin ƙananan hukumomin uku tabayuni ne a tsakaninsu, wanda ya sa duk rabon da za a yi bisa yawan jama'arsu sai ya bukaci ƙa'idar raba saura. Kwatancen da aka yi da keso da fam da asalin gado ya nuna cewa 20,000 da 240 sun fi 558,452 yawan ma'aunai duk da ƙanƙantarsu, kuma 24 tana fitar da sulusi da sudusi da sumuni waɗanda ita babbar lambar ta kasa fitarwa. Har ila yau, an ga cewa kalmomi kamar cika da mara da hauya da keso, tare da tamasuli da tadahuli da tawafuƙi da tabayuni, sun riga sun zauna a bakin Hausawa, kuma za su iya zama harsashin koyar da wannan fanni na lissafi da harshen Hausa.